Babi na Bakwai: Daga Dishewar Murya Zuwa Ɗakin Tiyata

A watan Janairun 1887 muryar Yarima Frederick, mai jiran gadon sarautar Jamus, ta dishe. Shekarunsa 55, soja ne ƙaƙƙarfa, kuma ya daɗe yana shan taba. Lokacin sanyi ne, saboda haka kowa a fada ya ɗauka mura ce. Mura ta wuce, murya ba ta dawo ba. A watan Maris wani likita mai suna Carl Gerhardt ya saka ɗan madubi can bayan bakinsa, ya hango wani ƙaramin tsiro a kan jijiyar murya ta hagu. Ya ƙone shi da zazzafar waya, tsiro ya dawo, ya sake ƙonewa, ya sake dawowa. Zuwa watan Mayu likitocin Jamus sun yi ittifaƙi cewa daji ne, har an tsayar da ranar da za a tsaga maƙogwaro a cire shi. Sai aka kira Morell Mackenzie daga Landan, wanda ake ganin babu kamarsa a ilimin maƙogwaro a wancan zamani. Shi kuwa ya ce kada a taɓa Yarima sai an gutsuro naman an gwada. Aka gutsuro, aka kai wa Rudolf Virchow, babban masanin cututtukan nama, ya duba bai ga daji a abin da aka kawo masa ba. Aka fasa aiki.

A watan Nuwamba, a garin San Remo na Italiya, Mackenzie da kansa ya amince daji ne. Ranar 9 ga Fabrairun 1888 numfashi ya gagara, aka huda wuyan Yarima aka sa masa bututu. Bayan wata guda mahaifinsa ya rasu, ya hau gadon sarauta ba ya iya furta ko kalma ɗaya, sai dai ya rubuta a takarda. Ya rasu ranar 15 ga Yuni, kwanansa 99 a kan mulki.

Daga ranar da murya ta dishe zuwa ranar mutuwa, wata 17 ne. Likitoci sun daɗe suna gardamar wa ke da laifi, kuma ba wannan ne ya sa na kawo labarin ba. Na kawo shi ne domin yana cikin misalan da aka fi rubutawa filla-filla na yadda dajin maƙogwaro yake tafiya idan ba a tare shi ba. Tsiron da Gerhardt ya gani a watan Maris, da a yau ne, aikin da bai kai sa'a guda ba ya ishe shi, ta baki, ba tare da an yanka fatar wuya ba. Na watan Nuwamba kuwa, ko a yau sai an yi da gaske, kuma mai yiwuwa a rasa maƙogwaron gaba ɗaya. Wata 8 ne tsakanin biyun.

Tambayar da mai ciwo da danginsa suka fi yi ita ce: "Likita, abin nan yana saurin girma ne?" Amsar tana buƙatar ɗan lissafi, domin daji ba ya girma irin girman da ido ya saba gani, na ƙarin kaɗan-kaɗan daidai wa daida. Ninkawa yake yi. Ƙwayar halitta ɗaya ta lalace ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Sai an yi irin wannan ninki wajen sau 30 kafin a sami ƙwayoyi biliyan guda, wato ƙullutun da faɗinsa bai wuce santimita 1 ba. Duk wannan tafiya a ɓoye ake yin ta, sau da yawa cikin shekaru. Amma daga nan, ninki 10 kacal ya rage ƙullutun ya kai nauyin kilo guda. Wanda ya taɓa lura da kainuwa a kududdufi ya san wannan hali: makonni tana maƙale a gefe ba wanda ya kula da ita, ranar da ta rufe rabin ruwan kuwa saura ninki ɗaya ta rufe shi duka. Shi ya sa za ka ji dangi suna cewa "cikin wata biyun nan abin ya taso masa gaba ɗaya." Saurin bai canja ba, girman da ake ninkawa ne ya canja.

To, kwana nawa ninki ɗaya yake ɗauka? Likitoci ba za su zuba wa daji ido yana girma don kawai su auna shi ba, amma jiran layi a asibiti ya ba su amsa ba da son ransu ba. A ƙasar Denmak, Jensen da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2007 a kan mutum 61 masu dajin baki da maƙoshi da maƙogwaro. Kowannensu an ɗauke shi hoto sau biyu: ranar da aka gano ciwon, da ranar da ake shirin fara masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken inji. Tsaka-tsakin tazarar hotunan kwana 28 ne. A cikin wannan ɗan lokaci, kashi 62 cikin ɗari ƙullutunsu ya ƙaru yadda za a iya aunawa, kashi 20 cikin ɗari kuma ciwon ya riga ya bayyana a sabuwar kaluluwa a wuya. Tsaka-tsakin lokacin ninki kwana 99 ne, amma a rabin mutanen da nasu ya fi gudu, kwana 30 ne kawai. Ire-iren wannan sakamako na cikin abin da ya sa Denmak ta kafa tsarin gaggawa, inda wanda ake zargin yana da daji ba ya bin layin kowa da kowa.

A mayar da wannan kan jijiyar murya, wadda tsawonta a babban namiji wajen santimita 2 ne. Kowane ninki 3 na jiki yana ninka faɗin ƙullutu sau ɗaya. Tsiro mai milimita 5, bayan ninki 3 ya zama santimita 1, bayan ninki 6 ya cinye tsawon jijiyar duka. Idan mai gudu ne, wata 6 ke nan. Idan mai nawa ne, ya haura shekara ɗaya da rabi. Ƙananan tsiron jijiyar murya sukan fi karkata ga nawa, wasu ma sukan fara da farin tabo da zai yi shekaru kafin ya rikiɗe. Sai dai babu likitan da zai kalli mutum ranar farko ya ce masa naka mai nawa ne, je ka gama girbi ka dawo.

Wurin da ciwon ya tsiro ma yana da tasiri ƙwarai, har yakan fi saurin ninkin muhimmanci. Maƙogwaro, wanda gabansa shi ne zakaran wuya da muke taɓawa, hawa uku ne. A tsakiya akwai jijiyoyin murya guda biyu, waɗanda ke haɗuwa su kaɗa fiye da sau 100 a daƙiƙa guda idan namiji na magana, wajen 200 idan mace ce. Abu mai irin wannan kaɗawa, tsiron milimita 2 ko 3 ya isa ya ɓata sautinsa. Ga shi kuma hanyoyin ruwan jiki da daji ke bi ya kai ga kaluluwa ba su da yawa a wurin. Wannan rahama ce babba: dajin jijiyar murya yana sanar da kansa tun yana ƙarami, kuma yana daɗewa bai bar inda yake ba. Hawan sama, wajen murfin da ke hana abinci faɗawa hanyar iska, akasin haka ne. Akwai fili da ciwo zai girma murya ba ta canja ba, ga hanyoyin ruwan jiki birjik. Alamunsa ba sa ɗaga hankali: jin kamar wani abu ya tokare, zafi wajen haɗiya, yawan ƙwarewa, ciwon kunne gefe ɗaya alhali kunnen lafiya lau. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai kaluluwa ta fito a wuya, mai tauri, marar zafi. Hawan ƙasa ba a cika samun daji a can ba. Akwai kuma dajin maƙoshi na wajen gindin harshe da 'yan wuya, wanda a Amurka da wasu ƙasashen Turai ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa mafi yawansa a yau. Amma na maƙogwaro, taba ce uwa uba, giya na biye, idan suka haɗu kuma haɗarin ninkuwa yake yi. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum kusan 185,000 ne suka kamu da dajin maƙogwaro a duniya a 2020, kusan 100,000 suka mutu, mafi yawansu maza.

A nan ne abin yake ci mini rai. Rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun daɗe suna maimaita magana ɗaya: mafi yawan masu dajin maƙogwaro ba sa isowa sai ciwon ya yi nisa, da dama kuma aikin farko da ake musu shi ne huda wuya cikin gaggawa saboda numfashi ya toshe. Ciwon da ke yin ƙara tun da wuri, shi ne ake kawowa a makare. Kuma ba wuya a ga dalili. Wa zai je asibiti don murya ta dishe? Ladan ya ce kiran asuba ne cikin sanyi, malamin makaranta ya ce alli ne da hayaniyar yara, ɗan kamasho a tasha ya ce aikinsa ne ya gada. Da hunturu a ce ƙura ce. A sha zuma da lemon tsami, a tauna citta da kanumfari, a je kemis a karɓo kafso, a sake komawa a karɓo wani. Wani a kai shi wurin wanzami a ce beli ne, a cire. Wani a ɗora shi kan maganin tarin fuka, wanda ba laifi ba ne a yi zarginsa tunda shi ma yana kama maƙogwaro ya dishe murya, amma kamata ya yi a leƙa a gani kafin a shafe wata 6 ana jira. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana cin makonni ko watanni, lissafin ninki kuwa bai tsaya ba.

Leƙawar kuma ba wani abin tsoro ba ce. Wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifen, Manuel García, shi ya fara ganin jijiyoyin muryarsa suna motsi a 1854, da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. Har yanzu madubin yana aiki a hannun wanda ya iya. Amma abin da aka fi amfani da shi yau wani siririn bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa milimita 3 zuwa 4, da fitila da kyamara a bakinsa. Mutum yana zaune a kujera, a fesa masa maganin kashe zafi a hanci, mai ɗan ɗaci idan ya gangara. Likita ya zura bututun a hankali ta ƙofar hanci, ya wuce bayan ganda, ya leƙo ƙasa. Ido kan yi ƙwalla, wani ya ji kamar zai yi atishawa. Likita ya ce, "Baba, ce iii." A allon sai ga jijiyoyi biyu farare suna haɗuwa suna rabuwa. Lafiyayyiya sumul take, gefenta a miƙe. Mai ciwo za a ga gefenta ya yi kaushi, ko ja, ko fari-fari mai gargada. Likita yana kuma duban abu ɗaya da ya fi kome: tana motsi ko ta sandare? Idan tana motsi, ciwon bai nutse cikin tsoka ba. Idan ta tsaya cik, ya yi zurfi. Minti biyu ko uku an gama, mutum ya tashi ya kama gabansa. Sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, su ne wuraren da ake neman wannan dubawa.

Ido ba ya yanke hukunci, sai an gutsuro nama an kai ɗakin gwaji. Darasin Yarima Frederick a nan shi ne gutsure na iya kuskure wurin. Idan sakamako ya ce ba kome alhali abin da likita ke gani bai kwanta masa ba, sake gutsurowa ake yi.

Aikin cire ciwon ta baki ya daɗe ana nemansa. Theodor Billroth ya cire maƙogwaro ɗungurungum a birnin Biyana a ranar ƙarshe ta 1873, aikin da ke ceton rai amma ya bar mutum da rami a wuya har abada, ba muryar da aka haife shi da ita. Bernhard Fränkel a Balin ya cire ƙaramin daji ta baki a 1886. Sai dai hannu da madubi kaɗai ba su isa ba. A shekarun 1960 Oskar Kleinsasser a Jamus ya haɗa bututun ƙarfe da madubin tiyata mai ƙara girman abu, a 1972 kuma Strong da Jako a Bostan suka haɗa wannan da hasken leza. Wolfgang Steiner na jami'ar Göttingen shi ya faɗaɗa aikin zuwa ciwon da ya ɗan girma, har ya karya wata tsohuwar ƙa'idar tiyata: maimakon a cire ƙullutu a dunƙule, sai ya riƙa raba shi da leza yana duba zurfinsa a ƙarƙashin madubi, yana cirewa yanki-yanki. An yi masa ca da farko, sakamakon marasa lafiyarsa ne ya kashe bakin masu suka.

Ga yadda aikin yake. A sa mutum barci, a kwantar da shi rigingine, a ɗan tanƙwasa kansa baya. A rufe haƙoran sama da roba, domin a kansu bututun ƙarfe zai jingina. A zura bututun ta baki, a danne harshe, har jijiyoyin murya su bayyana a ƙarshensa, sannan a kafe shi da wani maƙali don hannayen likita biyu su sami sukuni. A rufe fuska da idanu da jiƙaƙƙen ƙyalle. Mai ba da maganin barci ya rage iskar oksijin zuwa ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, ya kuma yi amfani da bututun numfashi na musamman, saboda leza wuta ce, kuma tashin gobara a hanyar iska shi ne abin da kowa a ɗakin yake tsoro. Likita ya zauna a saitin kan majiyyaci, idonsa a madubi, yatsunsa a kan ɗan sandan da ke juya wani jan ɗigo a kan nama. Ya taka feda, ɗigon ya yanka. Ruwan da ke cikin nama ne ke shanye hasken ya tafasa nan take, shi ya sa yankan ke tsayawa daidai inda aka nufa, ƙananan jijiyoyin jini kuma suna toshewa da kansu. Wani siririn tiyo yana zuƙe hayaƙin. Da ɗaya hannun likita yana riƙe da tsiron da ɗan hantsaki mai dogon hannu, yana ja yana bin gefensa, ya bar tazarar milimita 1 zuwa 2 ta lafiyayyen nama. Abin da aka cire a manna shi a kan ɗan allo, a yi wa gefunansa alama, don mai gwaji ya faɗi ko wani gefe bai fita tsaf ba. Ba ɗinki. Wurin da kansa yake warkewa cikin makonni. Da yawa suna cin abinci a ranar, su koma gida a ranar ko washegari.

A dajin jijiyar murya na matakin farko, wajen mutum 9 cikin 10 suna rabuwa da shi ta wannan hanya. Gashi ma yana ba da kusan wannan sakamako, kuma gaskiya ita ce idan yankan ya yi zurfi murya takan fita da iska-iska, ta gashi ta fi ta daɗi. Wani gwaji da aka yi a Finlan a kan maza 60, aka wallafa a 2014, ya nuna haka: muryoyin sun yi kusa da juna, amma na leza sun fi fitar da iska. Ga mawaƙi ko alaramma wannan abin dubawa ne, kuma haƙƙinsa ne a gaya masa kafin ya zaɓa. Amma ni a ganina, ga mutanenmu aikin ta baki ya fi dacewa duk inda ya samu. Gashi na buƙatar zuwa kullum, kwana 5 a mako, har mako 6 ko 7. Injinan gashi a Arewa ƙalilan ne, Jamhuriyar Nijar kuwa sai a 2021 ta buɗe nata na farko a Yamai. Manomi daga ƙauye zai bar gona, ya nemi masauki a birni, ya ciyar da kansa da mai jinya kusan wata biyu. Idan inji ya tsaya ko kuɗi ya yanke a tsakiya, asarar ta wuce ta kwanaki: tun 1988 Rodney Withers ya nuna cewa bayan kamar mako 4 da fara gashi, ƙwayoyin dajin da suka tsira suna ƙara saurin hayayyafa, don haka kowace ranar da aka tsallake tana rage damar warkewa. Sannan gashi sau ɗaya ake yi wa wuri a mafi yawan lokuta, aikin ta baki kuwa ana iya maimaita shi, kuma idan bai yi ba gashi na nan a ajiye.

Yana da iyaka. Mai gajeren wuya, ko wanda wuyansa ya sandare, ko bakinsa ba ya buɗuwa sosai, bututun ba zai nuna wurin ba, abin da ba a gani kuwa ba a yanka shi. Ciwon da ke can kusurwar gaba inda jijiyoyin biyu suka haɗu yana da wuyar sha'ani, ya fi yawan dawowa. Wanda ya ci guringuntsi ya wuce wannan aiki. Idan na hawan sama ne, ko an cire shi ta baki sai an kula da kaluluwar wuya daban. Na'urar leza tana da tsada, ba kowane babban asibiti ke da ita ba, balle mutum-mutumin tiyata na da Vinci da Amurka ta amince a yi aikin maƙoshi da shi a 2009. Amma ƙaramin tsiro ana cire shi da ƙananan almakashi da hantsaki a ƙarƙashin madubi ko babu leza. Abin da ya fi ƙaranci a wurinmu shi ne majiyyacin da ya zo ciwonsa yana ƙarami.

Akwai maganar da ta zauna a zukatan mutane, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na fahimci inda ta samo asali. Mutane sun ga an kai ɗan'uwansu asibiti ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, aka gutsura, aka huda wuya, bayan wata biyu ya rasu, sai aka ɗora wa ƙarfen laifi. Waɗancan ninki na ƙarshe ne suka gani, waɗanda da an taɓa da ba a taɓa ba suna tafe. Gutsuren gwaji a maƙogwaro ba ya watsa daji. Wannan magana ta hana mutane da yawa aikin da zai bar musu muryarsu, kuma duk mai faɗa a ji, liman ne ko mai unguwa ko mai maganin gargajiya, ya kamata ya daina yaɗa ta.

Wanda aka yi wa aiki bai gama da asibiti ba. Za a riƙa leƙa maƙogwaronsa duk bayan wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, a riƙa tsawaitawa har shekara 5, domin mafi yawan dawowar ciwon cikin shekara 2 na farko take faruwa, kuma wanda aka kama da wuri ana sake cire shi ta baki. Taba kuwa an rabu ke nan, har da shisha. Wanda ya koma mata yana ƙara haɗarin dawowar ciwon, da tsirowar wani sabo a huhu ko hanyar abinci.

Ƙa'idar da likitocin maƙogwaro ke bi gajeriya ce: muryar da ta dishe ta wuce mako 3 zuwa 4 ba ta dawo ba, sai an leƙa an ga jijiyoyin da ido, musamman ga wanda ya haura shekara 45 ko yake shan taba. Mafi yawan waɗanda za a leƙa ba daji za a samu ba. Mai karatu, idan akwai irin wannan murya a gidanku, ta mahaifi ce ko ta miji ko taka, kada a sake komawa kemis. A nemi takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro a cikin makon nan, kuma idan an je a faɗa wa likita ranar da abin ya fara.